Wa Ke Tuƙi?

Wasiƙar ta zo ranar da nake kwashe takalman Baba,
kwana goma sha ɗaya da rasuwarsa.
Farar ambulan mai tagar leda a ƙirji,
sunana na leƙowa: Nerys Prydderch.
Na zaci ta'aziyya ce.

Babbar hanyar M4, daura da Port Talbot.
Ƙa'ida, mil hamsin a awa.
Ke, saba'in da uku.
Ƙarfe uku da minti hamsin da biyu na dare.

Na san wurin kamar yunwar cikina.
Nan titi ke hawa ginshiƙai ya bi ta kan rufin gidaje.
Hagu masana'antar ƙarfe,
inda Baba ya bar shekara talatin da rabin huhunsa,
dama tsauni, baƙi ƙirin.
Rawayen kyamarori na tsaye kan dogayen wuya
kamar zalɓe a bakin ruwa.
Ba walƙiya, ba ƙifta ido.
Ta farko ta rubuta shigarki,
ta gaba ta rubuta fitarki,
sai su raba tafiyar da mintoci.
Ki taka birki a gabansu in kin so,
lissafi ba ya jin kunyar kowa.

Sau dubu na wuce su da burodi a bayan mota,
allura kan hamsin cif, kamar an ɗaure ta da zare,
don ɗigo tara ke kan lasina,
duk na gaggawar asuba.
Uku suka rage tsakanina da wata shida ba sitiyari,
tsakanina da shagunan da ke jiran burodi, da kuɗin haya.

A daren, ma'aikaciyar jinya ce ta kira.
"Ki taho yanzu," ta ce,
da irin muryar da ba a tambayarta dalili.
Na fita da rigar barci ƙarƙashin kwat,
ruwa na marin gilashi,
ina cewa jira ni, jira ni,
ina danna ƙafa kamar titin ne ya yi mini laifi.

Yau ga takardar asibiti a kan teburin:
Idwal Prydderch, ƙarfe uku da minti arba'in.
Na jera su gefe da gefe.
Minti goma sha biyu.
Ashe sa'ad da na shiga ƙarƙashin idon farko
ba kowa a ƙarshen hanyar.
Ina tsere da wadda ta riga ni isa,
ta ja kujera ta zauna.

Emrys ƙanena ya karanta a tsaye, shayinsa na hucewa.
"Lasina fes yake," ya ce. "Rubuta sunana.
Wa zai gane ƙeyar mutum a hoton dare?"
Na ce an sha ɗaure mutane a kan wannan.
Ya ɗaga kafaɗa.
Shi ma ya san ba tsoron kurkuku ke magana ba.

Na nemi hoton, suka nuna mini.
Bayan farar mota, jajayen fitilu biyu,
ruwa ya ja musu wutsiya.
Ba fuska.
Amma a cikin akwatin nan akwai mace
da ke da uba, a saninta,
na sauran minti ashirin.
Ba wanda ya sake ganinta
sai wannan abu mai dogon wuya.
Ba zan ba Emrys ita ba.

Tambaya ɗaya takardar ta yi: wa ke tuƙi?
Na cike gurbin da manyan baƙaƙe,
da biron Baba, wanda ya tauna murfinsa.

Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.
To, sauri ma bai kai ni ba.

Gobe da asuba akwai burodi.
Har alƙali ya kira ni,
zan bi ta ƙarƙashinsu a hamsin cif,
in dubi hagu.